Yatsu Biyu na Uwaisu Mai Mazarƙwaila

Uwaisu ɗan Ashafa bai gaji wata babbar gona ba, bai yi zurfi a karatu ba, ko a dandalin kokawa ba a taɓa jin ya ka da kowa ba. Abin da Allah ya ba shi yatsu biyu ne, babban yatsa da manuni na hannun dama. Da su ya ci abinci, da su aka san shi daga Gubuchi har Likoro, a shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga mai kore da fari.

Sana'arsa dafa mazarƙwaila. Mai shan zaƙi gani yake abin wasa ne: doki ya zagaya da inji, inji ya matse rake, a juye ruwan a babban kasko, a yi ta tura wuta da busasshiyar tuƙar raken. To, wannan kowane rago zai iya. Inda ake gane gwani shi ne lokacin sauke kasko. Ka sauke da wuri, ta ƙi daskarewa, ta zauna a kwano tana kallonka kamar kunu. Ka ɗan makara, ta ƙone ta yi ɗaci, ko akuya sai ta shinshina ta wuce. Shi Uwaisu yakan ɗiga kaɗan a ƙwaryar ruwan sanyi, ya tsamo, ya murza tsakanin yatsun nan biyu idonsa a rufe. Daga nan ya ce, "Da saura," ko ya ce, "A sauke." Shekara goma sha bakwai ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ya san da haka, don mutum ne mai ɗan ji da kai.

Ƙanensa Lado shi ke kora doki da hura wuta. Ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa. Indo, mahaifiyar Uwaisu, Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Saulawa. Ta rasu yana ɗan shekara shida, sannan Ashafa ya auri uwar Lado, ita ta raine su gaba ɗaya. Amma wajen kama, kamar an tsaga kara: goshi ɗaya, tafiya ɗaya, har tarin ma iri ɗaya. Lado mutum ne mai tsarkin zuciya da nauyin hannu. Sau nawa Uwaisu ya sa shi ya murza ɗigon nan don ya koya, kullum amsarsa ɗaya ce, "Ya yi, Yaya," don shi dai burinsa a sauke ya lashi ludayi.

Shekara biyu bayan samun 'yanci, ana gab da fara yankan rake, Hajo matar Uwaisu ta ga wani tabo a bayansa, jaja-jaja, faɗin tafin hannu. Ta soka masa tsinke a wurin ba tare da ta faɗa masa ba. Bai juyo ba. Ta sake sokawa, yana ta ba ta labarin dokin da zai ara. Nan ta gane, don ta san ciwon da ba ya jin tsinke. Ba a yi wata ɗaya ba irin tabon ya fito wa Lado a dantse.

A da, wanda ya ga wannan tabon sai ya fara ban kwana da yatsunsa. Amma zamani ya sauya. Kowace Talata wani malamin asibiti mai suna Iliyasu yakan zo a keke, ya jingine shi a gindin tsamiyar bakin gari, ya buɗe gwangwani cike da fararen ƙwayoyi na maganin kuturta, kyauta. Mutane sun gani da idonsu: waɗanda suka zo tun ciwon yana tabo sun warke sarai, yatsunsu goma cif. Su kuwa masu zuwa gindin tsamiya ba a kiran su kutare. Masu tabo ake ce musu, ana gaisawa da su, ana cin abin hannunsu.

Malam Iliyasu mutum ne mai tsare doka. Kowa da katinsa, kowa ya haɗiye ƙwayarsa a gabansa, ya buɗe baki a duba. Sabon zuwa ƙwaya ɗaya, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali har ta kai huɗu. Ba ya duba gemu, ba ya duba rawani. "Ni nan ba ni da ɗan lele," in ji shi. "Abin da na ba wancan shi zan ba ka." Wannan magana ta yi wa Uwaisu daɗi ƙwarai, don shi ma kwanonin da yake zuba mazarƙwaila girmansu ɗaya, ba ya rage wa wani ya ƙara wa wani. Abin da bai zo masa a rai ba, shi da malamin duka, shi ne cewa cikin mutane ba kwano ba ne.

Lado ya yi ta haɗiyar ƙwaya kamar gyaɗa, ko gezau. Uwaisu kuwa, a makon da aka kai shi ƙwaya uku, ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, kansa yana sarawa. Da ya zaga bayan gida sai ya ga fitsarinsa ya yi duhu, launin ruwan rake da ya daɗe a wuta.

A nan ne abin ya lalace, kuma babu mugu ko ɗaya a cikin lamarin, shi ya sa ya fi ciwo. Mutanenmu sun taso da sanin cewa maganin kirki shi ne wanda ya jijjiga mutum. Jiƙon da bai sa ka amai ko gudawa ba, ruwa ka sha. Saboda haka da Uwaisu ya faɗa wa dattawa abin da ya gani, sai aka hau yi masa barka.

"Alhamdu lillahi, ai cutar ce ke fita," in ji wani tsoho a ƙofar masallaci. "Magani ya iske ta har ɗakinta. Ka ga baƙin nan? Dattin ne. Ka daure, ɗana."

Uwaisu ya dawo gida yana tafe yana hutawa, amma fuskarsa fal murna. Har tsokanar Lado ya riƙa yi. "Kai naka ciwon barci yake, ko motsi bai yi ba. Ni ka ga nawa ya fara tattara kaya." Bai faɗa wa Malam Iliyasu ba. Me zai faɗa? Ba a kai ƙarar magani don yana aiki.

Hajo kaɗai ce hankalinta bai kwanta ba, har ta tari mijinta da maganar. "Malam, idonka fa ya sauya. Ya yi kamar na mai ciwon shawara."

"Ke dai ba ki son ganin an wahala a warke. Kawo fura."

Ana nan, an kai su ƙwaya huɗu, sai ya fara jin wani ɗan motsi a yatsun hagu, kamar tururuwa na bi. Tsoro ya kama shi, don ya san daga hagu sai dama. Ya zaunar da Lado a bakin fadama ya ce, "Ka ga, ni ciwona ya riga ya kama hanyar fita, turi kawai yake so. Malamin nan kuwa ba zai ƙara ko rabi ba, ka san halinsa."

Lado bai bari ya ƙarasa ba. "Yaya, ai ni ƙwayoyin nan ba abin da suke min. Asara ce ma nake yi musu. Ka karɓi nawa."

"Kai fa?"

"Ni dantse ne. Wa ke murza mazarƙwaila da dantse? In yatsunka suka tafi duk gidan nan mun tafi."

Wannan Talatar, Lado mai nauyin hannu ya yi dabarar da bai taɓa yin irinta ba a rayuwarsa. Ya maƙale ƙwayoyinsa huɗu a bayan dasashi, ya kurɓi ruwa, ya hangame baki, malam ya leƙa ya ce na gaba. A bayan danga ya tofo su a tafin hannu ya miƙa wa wansa. Huɗu da huɗu, takwas. Uwaisu ya yi bismilla ya kora da ruwa, ya sa wa ƙanensa albarka. Haka suka sake yi mako na biyu.

Ranar Alhamis ta mako na biyun, da hantsi, Uwaisu yana tsaye a kan kasko ludayi a hannu, sai Lado ya ga ya yi baya-baya ya zube. Leɓensa ya yi shuɗi, tafin hannunsa fari fat, numfashi sama-sama. Allah ya taimaka bai faɗa ta gefen wuta ba. Aka ɗora shi a kan ƙyauren ƙofa zuwa bakin hanya, aka tare motar da ke ɗaukar auduga, sai Zariya.

Kwana tara ya yi bai san inda kansa yake ba. Sai da aka ƙara masa jini ya dawo hayyacinsa. Likitan wani dogon mutum ne ɗan Kudu, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da Lado ya durƙusa yana kuka ya faɗi abin da suka yi, likita bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya zauna.

"Ku biyun uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Uba ɗaya, ranka ya daɗe," in ji Uwaisu. "Amma jininmu ɗaya. Ka dube mu."

"Na dube ku. A dangin mahaifiyarka, akwai namijin da ya taɓa shan maganin asibiti idonsa ya yi ɗorawa?"

Nan Uwaisu ya tuna Kawu Bobbo, ƙanen Indo, jarumin makiyayi, wanda ciwon ƙirji ya kama, aka sayo masa farar ƙwaya a kasuwa, irin wadda ta warkar da mutum uku a rugar. Kwana huɗu ya yi yana fitsari baƙi ya rasu. Cewa aka yi sammu ne, har aka daina gaisawa da wani gida.

"Ba sammu ba ne," in ji likita. "Akwai wani abu da Allah ya sa a cikin jini, shi ke tsare jinin kada wasu magunguna su farfasa shi. Yawancin mutane suna da shi isasshe, kamar ƙanenka. Wasu an haife su da kaɗan. Ɗa namiji kuwa daga wajen uwa yake gadonsa, ba daga uba ba. Baƙin da ka riƙa gani ba cuta ba ce ke fita. Jininka ne."

Uwaisu ya kalli rufin ɗakin. Bai iya tuna fuskar Indo sosai ba. Abin da ya rage masa nata shi ne ƙanshin man shanu da wata 'yar waƙa da ba ya jin ma'anarta. Shekara talatin yana ganin ba ta bar masa komai ba, ashe ga abin da ta bari, ita ma ba da saninta ba. Ya so ya ji haushi, ya rasa wanda zai ji wa.

"To, yanzu yaya za a yi da yatsun, ranka ya daɗe?"

Likita ya ce da tun ranar farko da ya ga baƙin fitsarin ya yi magana, da an rage masa, watakila jikinsa ya iya ɗauka a hankali. Amma bayan wannan faɗuwar ba zai yarda a ba shi ko ɓari a gindin bishiya ba, inda babu mai auna jini. Hanya ɗaya ce: ya zauna a sansanin kutare da ke bayan gari, shekara biyu ko fiye, inda ake duba jini kuma ana ɗan samun wani magani daban.

Ga wanda ba ɗan ƙasar ba, wannan magana ce mai sauƙi. Amma Uwaisu ya san abin da likita bai sani ba. Mai zuwa gindin tsamiya mai tabo ne. Wanda ya kwana a sansani kuwa kuturu ne har ya mutu, ko da ya dawo da yatsu ashirin. Wa zai sayi mazarƙwailar da kuturu ya sa hannu a ciki? Wace uwa ce za ta ɓantara wa ɗanta? In ya je, zai tsira da yatsun ya rasa sana'ar. In bai je ba, zai riƙe sana'ar har ranar da yatsun suka bar shi. Ya zaɓi gida. A ce masa wawa in an ga dama, amma wanda duk zai faɗi haka ya fara tuna wace mazarƙwaila yake saya.

Ya dawo Gubuchi a rame, da katinsa wanda likita ya yi wa rubutu da jan alƙalami. Ba ya karanta boko, saboda haka duk hanya yana ta raya wa kansa cewa watakila mutumin ya sassauta, ya rubuta rabi, ko da kwata. Ranar Talata ya shiga layi kamar kowa. Malam Iliyasu ya karanta katin sau biyu, ya rufe gwangwani.

"Malam Uwaisu, an ce kada a sake ba ka."

"Ɗaya tak, Malam. Irin ta sabon zuwa."

"Ka yi haƙuri."

"Ba kai ka ce abin da ka ba wancan shi za ka ba ni ba?"

Malam Iliyasu ya sunkuyar da kai. "Na faɗa. Da shi na kusa kashe ka."

"To, ka ba ni ta kashe ni da yatsuna. Ni na yafe. Ga jama'a shaida."

Malamin bai ɗago ba. Ya ce na gaba. Lado ne na gaba. Tun daga ranar Malam Iliyasu yakan sa tsinke ya duba har bayan dasashinsa, amma ba sai ya wahala ba, don ko da wuƙa Lado ba zai sake ba.

Daga nan lamarin ya tafi yadda ba mai iya gyara shi. Lado, wanda ya tsallake magani har mako biyu, tabonsa ya dusashe, ya ɓace, bayan shekara biyu aka sallame shi da takarda. Bai yi murna ba. Ya ɓoye takardar a ƙasan tabarma kamar kayan sata. Uwaisu kuwa ya bi masu jiƙe-jiƙe har Kudan da Ikara, ya sha saiwoyi masu ɗaci, ya yi amai, ya yi gudawa, an yi ta ce masa cutar ce ke fita. Ya daina amsawa. Hannun hagu ya fara mutuwa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka lanƙwashe. Ya riƙa ɓoye shi a hannun riga yana cewa ai dama ce ke aiki. Kowace safiya kafin ya yi alwala yakan ɗauki ƙwayar gero ɗaya ya murza tsakanin yatsun nan biyu. In ya ji ta, ya yi hamdala. Hajo tana ganinsa ta wutsiyar ido, ba ta taɓa nuna ta gani ba.

A kakar rake ta huɗu da fara ciwon, wani maƙwabci zai aurar da 'yarsa ya roƙi Uwaisu ya dafa masa mazarƙwailar biki da raken gonarsa gaba ɗaya. Aka taru a fadama da rana tsaka. Doki ya zagaya, wuta ta ci, kasko ya tafasa ya yi kauri, ƙanshi ya cika wurin. Aka jera kwanoni a kan tabarma. Mutane suka yi shiru kamar yadda aka saba, ana jiran kalma.

Uwaisu ya ɗiga a ruwan sanyi, ya tsamo, ya rufe ido, ya murza.

Babu komai. Ba laushi, ba tauri, ba danƙo. Ya buɗe ido don ya tabbatar ko ɗigon ya faɗi. Yana nan tsakanin yatsun, yana gani, amma kamar a hannun wani yake. Ya sake ɗigawa. Ya sake. Zufa ta keto masa. Kasko kuwa ba ya jira.

"Lado," ya ce a hankali. "Zo ka taɓa."

Lado ya bar bakin wuta ya zo. Ya karɓi ɗigon ya murza da yatsunsa goma lafiyayyu, waɗanda magani ya tsare masa, waɗanda ba su taɓa gane komai a wannan aikin ba. Ya dubi wansa, idonsa ya cika.

"Ya yi?"

"Ya yi, Yaya."

Uwaisu ya san wannan amsar, ya ji ta sau ɗari. Amma ba shi da wata. Ya ɗaga murya ya ce, "A sauke."

Aka sauke, aka zuba kwano-kwano, daidai wa daida. Aka yi la'asar, aka dawo. Inuwa ta miƙe har ta rufe tabarmar. Mai biki ya sa kara ya taɓa kwano ɗaya, karan ya nutse. Ya taɓa na biyu, haka. Mutumin kirki ne, ya dai tsaya yana duban raken shekara guda ya zama kunu. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauce wa idon Uwaisu, kuma a karon farko ya lura babu wanda ya miƙo masa hannu a yi sallama.

Daga baya ya je sansanin da ƙafarsa, tunda yanzu ba abin da zai tsare. Aka karɓe shi hannu biyu, aka tsayar da ciwon, amma an gaya masa gaskiya: jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ya yi shekara uku a can ya dawo, sunansa ya sauya kamar yadda ya sani. Lado ya sayar da injin, ya koma noman dawa, shi ya riƙe gidan duka har ƙarshe.

Uwaisu ya ƙara shekara tara a duniya. In kakar rake ta zo, ƙanshin kaskon wasu ya taso daga fadama, yakan fito ya zauna a ƙofar gida, hannunsa na dama a kan gwiwa. Hajo ta ce har ranar da ya kwanta ciwon ajali, yatsun nan biyu ba su daina murza juna ba, ba komai a tsakaninsu, shi kuwa bai ma san suna yi ba.